Inda Za a Ƙirga Inna

Assalamu alaikum, 'yan uwana na ajin Islamiyyar safe. Tun ranar da muka dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda na haɗu da ita a famfo sai ta ce, "Zainabu, wai da gaske ne?" Wadda ta shigo barka da dawowa sai ta zauna har azahar, miyata na ƙonewa a kan wuta. Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, kuma na lura duk wadda ta ɗauka sai ta ƙara masa gishiri. Jiya na ji wai har kulle mu aka yi. Wallahi ba a kulle kowa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, ku riƙa miƙa wa juna.

Ga wadda ba ta san gidanmu ba, a Gada Biyu muke, ni da maigidana mai ɗinki, da yaranmu uku, da mahaifiyarsa, Inna. A barikin 'yan haƙar kuza ta wajen Rayfield aka haifi Inna. Mahaifinta da ƙafa ya zo tun yana saurayi, ya yi aikin kuza, ya yi aure, ya rasu a nan. Abin da ta sani game da garinsu bai wuce uku ba: sunansa Kukar Sambo, yana gaba da Daura, kuma sau ɗaya aka taɓa kai ta tana 'yar shekara bakwai.

Da aka fara shelar ƙidayar jama'a kun dai ga yadda unguwa ta rikice. Kowa na ɗaure kaya, wai za a je gida a ƙirgu don garin kakanni ya yi yawa. Wata safiya Inna ta kira maigidana ta ce, "Duk ƙidayar da aka yi a rayuwata ba a taɓa rubuta ni ba. Ta farko mahaifiyarmu ta ɓoye mu a ɗaki, ta ce masu haraji ne. Ta baya ina kwance ba lafiya a wani gari. Wannan kuwa ba na jin zan ga wata bayanta. A garin ubana za a rubuta ni."

Ya ce, "Inna, ai a rediyo cewa aka yi kowa ya zauna inda yake."

Ta ce, "Rediyon ne ya haife ka?"

Magana ta ƙare. Shi ba zai iya tafiya ba, don mai unguwa ya riga ya roƙe shi ya riƙa raka masu ƙidaya, tunda babu gidan da bai sani ba a layinmu. Sai tafiya ta faɗo kaina, ni da Aliyu da nake goyo, da Kawu Sale, ƙanin Inna, tsohon direban babbar mota, wanda ya rantse ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. Ba zan ɓoye muku ba, tun a sakandare an koya mana cewa inda mutum yake zaune nan ake ƙirga shi. Amma ni da ban taɓa wuce Saminaka ba! Murna ta rufe mini baki. Kwana biyu ina wanki da guga ina waƙa.

Mutum ɗaya ce ta tare mu, Mama Ngozi, Ibon nan mai shago a bakin ƙofarmu. Tana ganin jakunkuna ta dafe ƙirji.

"Inna! Kai ma za ka tafi? Haba! Oga na ya ce mu tafi gida, na ce masa ba inda zan je. Wancan lokaci duk mun tafi, layin nan ya zama shiru kamar ba mutane. Da aka zo maganar asibitin haihuwa, aka ce ai mutane ba yawa a nan. Ni a cikin tasi na haifi Ngozi, a kan gada! Yanzu ko da bulala ba na tafiya."

Inna ta ce, "Ke dai ki kula mini da kajina."

Muka kama hanya saura kwana biyu a fara. Tasha ba masaka tsinke. Tsarabarmu dankalin turawa ne da acca da buhun kabeji, wanda Kawu ya hana yaran tasha taɓawa, ya hau saman mota da kansa ya ɗaure, wai ɗaurin direbobin da. Ya zauna gaba yana koya wa direba tuƙi. Ba mu kai Saminaka ba muka ji wani abu ya yi rugum a baya. Ɗaurin direbobin da ya kwance! Kabeji na gangarawa a kan kwalta, fasinjoji duk suka sauka, har da wani mai babbar riga, ana bi ana tsincewa ana dariya. Kawu ya ce igiyar zamani ce ba ta da kirki.

Muna sauka daga tsaunukanmu zafi ya fara tarbar mu. Na sa wa Aliyu suwaita da hular sanyi da safa, sai ga yaro ya jiƙe sharkaf yana tsala kuka. Matar da ke kusa da ni ta taya ni tuɓe shi tana cewa, "'Yan Jos ke nan. Ko wuta za ku shiga sai kun ɗauki suwaita." A dajin Falgore na ga birai zaune a bakin hanya kamar masu jiran mota, na yi ihu har Inna ta zungure ni. Kano kuwa, 'yan uwa, ban san inda zan sa idona ba. Mutane kamar ana zubo su daga buhu. Na ƙanƙame hannun Inna wai ina tsaron ta, ashe ita ke tsaro na.

Kafin magariba muka isa Daura, muka sauka gidan wani tsohon abokin aikin Kawu. Matar gidan, Allah Ya saka mata da alheri, ta yi mana tuwon gero da miyar kuka mai man shanu, ta shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gida. Na tsaya ina jiran a nuna mana ɗaki. Ashe nan ne makwancin! A Jos wa zai kwana a fili ya tashi da haƙarƙarinsa lafiya? Da na ɗebar mata acca sai ta juya ta a tafin hannu ta ce, "Wannan na kaji ne ko na mutane?" Na zauna na koya mata gwaten acca tun daga farko.

Da safe aka shiga neman Kukar Sambo. Kawu da ya san hanya kamar yunwar cikinsa sai ga shi yana tambayar masu shayi. Aka tura mu wata babbar kasuwa a gaba, aka ce ranar cin ta ce, ba za a rasa mutanen can ba. Haka kuwa aka yi. Wani mai tsohuwar a-kori-kura da ke mayar da 'yan kasuwa gida ya ce, "Kukar Sambo? Ku hau." Muka hau tsakanin buhunan gishiri da wata tunkiya.

Kwalta ta ƙare, muka shiga rairayi. Can sai ga wani dogon ƙarfe an gitta a hanya, da mutum biyu cikin kakin da ban taɓa gani ba. Direba ya ɗaga musu hannu, suka yi 'yar magana, suka leƙa suka ga fuskokin 'yan kasuwar da suka saba gani, aka ɗage ƙarfe. Ni kuwa idona na kan tutar da ke kaɗawa a wurin. Samanta ruwan lemo, tsakiya fari da ɗigo, ƙasa kore. Rubutun allon kuma na kasa karanta ko kalma ɗaya.

Na matsa na ce a hankali, "Kawu, tutar nan fa ba tamu ba ce."

Ya ce, "Ta ƙaramar hukuma ce. Ke da bokonki! Na bi hanyar nan tun ba a haife ki ba."

Na dubi Inna. Ta riƙe ƙarfen mota da hannu biyu, tana kallon gaba, leɓunanta na motsi da salati, fuskarta kamar ta yarinya ranar sallah.

Muna sauka ta nufi wata rijiya ba tare da ta tambayi kowa ba, ta ce a nan aka yi mata wanka. Wata tsohuwa na zaune a inuwa tana gyaran gero. Inna ta yi sallama ta ce, "Ni 'yar Mamman ce. Mamman da ya tafi kuza."

Tsohuwar ta saki faifai. "Mamman na kuza? Mamman wan babana?"

Ashe 'yar ƙanin mahaifin Inna ce, sunanta Ayya. Suka rungume juna suna kuka, ni ma ina yi, Aliyu ma ya taya mu. Kafin ka ce me gari ya cika gidan. Aka dama mana fura da nono mai kauri wadda ban taɓa shan irinta ba, sai dai su hura suke cewa, kamar yadda suke cewa lahiya da tahiya. Maza suka kafa shayi a 'yar buta, ana zubawa a ƙananan kofuna kamar na magani, mai ɗaci sannan mai zaƙi. Aka kawo burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa da ƙarfi, Kawu ya ce da shi za a iya kora akuya. Yara suka kewaye kabejinmu suna taɓawa. Makaranta lakwal suke ce mata, malaminta kuma mushe. Ɗan Ayya ma mushe ne, mutum mai natsuwa.

Bayan la'asar Inna ta gyara zama ta ce, "To, abin da ya kawo ni, gobe za a fara ƙidaya. Na zo a rubuta ni a garin ubana."

Mushe ya dubi mahaifiyarsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ƙidayar Najeriya kike nufi? Ai nan Nijar ce."

Kawu ya ajiye kofin shayi. "Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ni, Baba."

Wasu suka fashe da dariya, ni ma ta taso mini, amma da na ga fuskar Inna sai ta koma. Hawaye kawai ke bin kumatunta. Lokacin da aka kawo ta tana yarinya a kan jaki suka zo, babu ƙarfe babu tuta, kuma mahaifinta bai taɓa cewa komai ba sai "garinmu". Ta yi tafiyar kwana biyu da ciwon gwiwa don a rubuta sunanta sau ɗaya a duniya, ga shi ta fito daga ƙasar gaba ɗaya.

Ayya ce ta kori mutane, ta jawo tabarma kusa da ita. Ina gefe ina ba Aliyu nono, na ji komai.

Ta ce, "'Yar uwa, bar kuka in ba ki labari. Mu ma an taɓa zuwa ƙirga mu. Samarinmu duk sun tahi ci-rani wajenku, mu mata kuma muka ɓoye yara bayan rumbu don tsoro. Aka rubuta mu 'yan kaɗan. Da aka tashi gina lakwal da ɗakin likita, sai aka kai garin da ke gaba da mu, mu da muka hi su yawa. Shekara da shekaru mai naƙuda a amalanke ake kai ta. Akwai wadda ba ta kai ba. Da suka sake dawowa, ni da kaina na bi gida-gida ina jawo yara da kunne." Ta kama hannun Inna. "Ina kike shan ruwa? Ina jikokinki ke karatu? In kin yi ciwo ina ake kai ki? To can ne sunanki zai yi wa wani amfani. Mu nan mun san ki, ba sai an rubuta ba."

Ana idar da sallar asuba na ji muryar Inna: "Sale, tashi. Jos za mu."

Ba ranar kasuwa ba ce, babu mota. A amalanken shanu aka kai mu bakin iyaka, da ƙullin gero da dabino da wata zabuwa da Ayya ta ce ko mu karɓa ko ta yi fushi. Wannan karon masu kakin suka tsayar da mu, jandarma ake ce musu, suka nemi takarda. Babu mai ko ɗaya sai Inna da katin asibitinta. Kawu ya fara kame-kame, sai Inna ta ba su labari tiryan-tiryan. Babbansu ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira na cikin ɗaki ya ce a maimaita masa. Suka ba mu ruwan sanyi, suka ɗage ƙarfe, suka ce mu gai da Jos.

Da muka shigo ɓangarenmu an riga an fara ƙidaya. Tashar da ta cika jiya ta zama fili, ko mota ɗaya babu. Sai ga wasu samari biyu da jakunkuna da takardu, suna rubuta matafiyan da hanya ta riƙe. Ɗayan ya ce, "Mama, ku zo mu rubuta ku a nan, a sa muku tawada ku huta."

Kawu har ya miƙa babban yatsa. Inna ta buge hannun. "Mayar da shi aljihu."

Saurayin ya ce, "Mama, motoci ba sa tafiya sosai fa. In kwanakin suka ƙare kuna hanya, shi ke nan, ba nan ba can."

Ta ce, "Na gode, ɗana. A nan ban taɓa shan ko ruwan rijiyarku ba. A Jos za a rubuta ni."

Ga dama a hannu, tsohuwa ta ture. Na yi ta addu'a a zuci, Ya Allah kada Ka bari baiwarKa ta yi biyu babu.

Da ƙyar muka samu mai babur ya yi sawu-sawu ya kai mu Daura, muka koma gidan masu tuwon gero. Kwana biyu muna nan babu mota. Na je wajen mai wayar kuɗi na kira maigidana. Da na gaya masa inda muka je sai ya ce, "Nijar? Wace Nijar?" Ya ce an riga an zo gidanmu, an yi wa ƙofa lamba da alli, an rubuta shi da yara biyu, kuma gobe malamar da ke yin layinmu za ta tattara takardunta. Na dawo na rasa yadda zan gaya wa Inna. Da na faɗa sai ta ce, "Goben ai ba ta yi ba tukuna."

A nan ne Kawu Sale ya wanke kansa, kuma dole in faɗa tunda na faɗi na kabeji. Ya bi garejin manyan motoci ɗaya bayan ɗaya cikin rana, har ya samo wata mai ɗauke da albasa za ta Jos. Direban, wani mai furfura a gemu, ashe a hannun Kawu ya koyi tuƙi. Yana ganin sa ya durƙusa yana "Oga! Oga!" Ya ce ko ba kaya zai kai mu.

Da asuba muka tashi. Ni da Inna da Aliyu a gaba, Kawu a saman buhunan albasa rungume da zabuwa. Duk shingen da muka zo sai a ce mu nuna yatsa, sai Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Shi za mu je a shafa mana, ku buɗe!" Ba wanda ya riƙe mu. Zabuwar ce ma ta kuɓuce a wajen Kwanar Dangora, muka ji Kawu na dukan rufin mota, aka tsaya, shi da direba suka bi ta cikin gona. Inna na ta faɗa, "Ku bar ta! Rana na tafiya!" Sai da suka kamo ta.

Motar albasa ba ta sauri, balle a hawa. Muka wuce Saminaka rana ta karkata. Da muka fara hawan tsauni tana nishi kamar za ta tsaya, ina jan duk addu'ar da Malamarmu ta Islamiyya ta koya mana. Sai iskar nan tamu mai sanyi ta shigo ta taga. Inna ta ja numfashi ta ce, "Alhamdulillahi, mun zo gida." Na kuwa ji abin da ta ce: gida.

La'asar ta yi sakaliya muka sauka a bakin layinmu daga tasin da muka samu bayan motar albasa ta ajiye mu, muna warin albasa tun daga ɗankwali har takalmi. Mama Ngozi ce ta fara hango mu. Ta yi tsalle ta kurma ihu, "Sun zo! Tsohuwa ya zo!" Ashe tun azahar malamar ƙidaya ta gama, maigidana ya roƙe ta ta ɗan jira, Mama Ngozi kuma ta zaunar da ita a shago, ta ba ta lemo, ta ɗora jakarta a saman kantar shagon inda hannu ba ya kai. Malamar ta fito tana dariya ta ce, "Mama, saboda ke an yi garkuwa da ni yau."

A tsakar gida aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka cika ƙofa. Malama ta fiƙe fensir ta tambayi suna, Inna ta faɗa da ƙarfi kamar mai ba da shaida. Shekaru fa? Ta ce an haife ta shekarar da aka kawo sabon injin wanke kuza barikinsu. Kawu ya ce ta girme shi da biyar, ta ce da bakwai, suka fara musu har sai da malama ta raba.

"Tun yaushe kike zaune a Jos, Mama?"

Inna ta dube ta. "Yarinya, ni ban taɓa zama ko'ina ba sai nan."

Aka shafa mata tawada, aka shafa wa Kawu, aka shafa mini. Na Aliyu ɗan yatsan ya yi ƙanƙanta har malama ta ce tana tsoron ta shafe hannun duka. Mama Ngozi na tafi, yarana na tsalle suna gwada nasu da na kakarsu.

Malama za ta rufe takarda sai Inna ta riƙe gefenta. Ita ba ta yi boko ba. Ta juyo ta ce, "Zainabu, zo ki duba mini. Ya rubutu?"

Na durƙusa na bi layin da yatsa, ƙarƙashin sunan ɗanta da na jikokinta, na karanta mata da ƙarfi: "Hauwa'u Mamman."

Ta ce, "Sake."

Na sake. Ta saki takardar, ta ɗaga hannu biyu sama, yatsan na ɗanye da tawada, ta yi wa mahaifinta addu'a, ta yi wa Ayya, ta yi wa duk wadda za ta haihu a layin nan. Muka shafa, har da Mama Ngozi.

Abin da ya faru ke nan, 'yan uwa, ba ƙari ba ragi. Wadda ta karanta ta sa Inna a addu'a, gwiwar ta kumbura tun daga ranar, amma ta ce ba ta yi nadamar taku ko ɗaya ba. Wassalamu alaikum.